Wa Ke da Ikon Cewa “Na Yafe”? Gafarar Kirista da Raunin Birnin Yauri

Ranar Alhamis 17 ga Yuni 2021 ’yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Yauri, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, suka kora ɗalibai da malamai zuwa daji. An ceto wasu, an sako wasu rukuni-rukuni, wasu kuma ba su dawo da rai ba. ’Yan mata 11 suka rage a hannun Dogo Giɗe da yaransa har kusan shekara biyu, iyayensu na yawon neman taimakon jama’a domin haɗa kuɗin fansa. Sai a watannin Afrilu da Mayu na 2023 na ƙarshensu suka dawo gida, waɗansu da goyo a baya. Ba a gama share hawayen wannan ba, sai ga makamancinsa a ƙetaren ruwa: ranar 21 ga Nuwamba 2025 aka kwashe yara fiye da 200 daga makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri, a ƙasar Agwara ta Jihar Neja, wadda tafkin Kainji ne ya raba ta da ƙasar Yauri.

Kwalejin Birnin Yauri makarantar haɗin kan ƙasa ce, ’ya’yan Musulmi da na Kirista suna kwana ɗaki ɗaya. Saboda haka bayan an gama lissafin waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba, akwai tambayar da ke jiran iyaye a masallaci da majami’a baki ɗaya, wato me za a yi da wanda ya aikata wannan? Na zaɓi in dubi amsar da Kiristanci ke bayarwa, domin ita ce amsar da ta fi tsauri ga wanda aka zalunta, ita ce kuma ta fi sauƙin karkatarwa. Ra’ayina shi ne koyarwar tana da daraja ƙwarai, amma ana cutar da ita ta hanya biyu, kuma harshen Hausa da kansa ya riga ya tanadi kalmomin da za a gane cutarwar da su, in da za mu saurare shi.

Kiristanci ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun kafin samun ’yancin kai ’yan mishan na United Missionary Society suka yi aiki a Yelwa da Salka da Zuru da Tungan Magajiya, aikin da ya haifi ikilisiyar UMCA ta yau. Katolika kuwa suna ƙarƙashin Kontagora, inda Bishop Bulus Dauwa Yohanna yake jagoranci. Abin da ya shafe mu a matsayin manazarta shi ne, Bakambare da Badukke da Bagunge da mutumin Zuru in sun haɗu a majami’a ɗaya, da Hausa ake yi musu wa’azi. Littafi Mai Tsarki da ke hannunsu na Hausa ne, wanda cikakkiyar fassararsa ta farko ta fito a 1932 bayan doguwar wahalar Dakta Walter Miller da abokan aikinsa, aka kuma sabunta ta wajen 1980. Ke nan duk abin da Kiristan bakin Kainji ya fahimta game da gafara, ta cikin kalmomin Hausa ya bi ya iso gare shi, kalmomin kuma sun zo da kayansu a ka.

Mu ɗauke su ɗaya-ɗaya. “Gafara” daga Larabci take, tushenta yana ɗauke da ma’anar rufewa ko lulluɓewa, kuma a bakin Bahaushe ta fi karkata wajen Allah: a nemi gafara, Allah ya gafarta masa, Allah ya gafarta malam. “Afuwa” ma Balarabiya ce, ma’anarta shafewa, amma a Hausar rediyo da jarida ta zama kalmar mai mulki. Gwamna ne ke yi wa fursunoni afuwa, da ita kuma aka fassara shirin da marigayi Umaru Musa ’Yar’aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009. “Sulhu” yana buƙatar ɓangare biyu da mai shiga tsakani. “Haƙuri” kuwa ba ya buƙatar kowa, mutum ne da zuciyarsa da abin da ya same shi.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce “yafe”. Dubi inda Bahaushe yake sa ta. Mai bin bashi yakan ce na yafe maka. Magaji yakan yafe rabonsa na gado, mace takan yafe sadakinta ko kwananta, wanda aka gayyata walima bai so zuwa ba yakan ce na yafe. A duk waɗannan wurare abu ɗaya ne yake faruwa: mutum ya saki abin da yake nasa ne, wanda yake da ikon riƙewa. Ba a taɓa jin maƙwabci ya yafe bashin da wani ke bi ba, in kuwa ya yi, dariya za a yi masa. Shi ya sa kishiyar kalmar take da nauyi haka. Idan tsohuwa ta ce “ban yafe ba”, ko ta ce “Allah ya isa”, kowa ya san ta ɗaukaka ƙara ne zuwa kotun da ba a ba alƙalinta toshiya. Shi ya sa kuma ake zagayawa neman yafiya kafin tafiya Hajji, ake kuma tambayar jama’a a wurin jana’iza ko akwai mai bin mamaci wani abu. Nahawun kalmar ya riga ya yanke hukunci cewa mai haƙƙi ne kaɗai ke yafewa.

Abin sha’awa, kalmar Girkanci da Sabon Alkawari ya fi amfani da ita wajen gafara ma’anarta saki ce, kuma a Linjilar Matta addu’ar da Yesu ya koyar ta kira laifi da sunan bashi. Da “yafe” da wannan kalma kamar an auna su da mudu ɗaya. Sai dai addu’ar kamar yadda aka saba jin ta a majami’un Hausa da “gafarta” take tafiya, ga Allah da ga mutum duka. Ban ce mafassara sun yi kuskure ba. Ina ganin ma sun kama wani abu na ainihin koyarwar, wato ana neman ɗan’adam ya yi wa ɗan’uwansa irin abin da Allah kaɗai aka san shi da yi. Amma zaɓin yana da farashi, domin “gafarta” ba ta tuna wa mai sauraro cewa akwai wani haƙƙi da aka saki, kuma akwai mai shi.

Sai “alheri”, wadda aka ɗora wa nauyin babbar aƙidar Kirista ta kyautar Allah ga wanda bai cancanta ba. A nan ne Hausa da tauhidin Kirista suka ɗan ja daga. Alherin Bahaushe yana dawowa. Danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gadon barci ne, mai yin sa shi zai kwanta a kai. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya nuna yadda halayen da Hausawa ke yabo suke ɗaure da zaman jama’a da idon mutane. Alherin da Manzo Bulus yake wa’azi kuwa ba biki ba ne da za a rama, an ba da shi ne ga wanda ba shi da abin mayarwa, har ma ga maƙiyi. Duk mai wa’azin da ya hau bagade a Wara ko Shanga ya ce “alheri”, to da ma’ana biyu yake kokawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Bai kamata a rage wa koyarwar kaifi domin a sami sauƙin sukar ta ba. Linjila ta ba da labarin Yesu yana roƙa wa masu gicciye shi gafara alhali ba su tuba ba, ba su ma gama aikin ba. Ta ba da misalin bawan da aka yafe wa bashin da ba zai iya biya ba har abada, ya fita ya shaƙe wanda yake bi ’yan kuɗi kaɗan, aka kuwa hukunta shi. Bitrus ya nemi a ƙayyade masa yawan yafiya, aka ba shi adadin da ke nufin kada ya ƙirga. Wannan ya yi hannun riga da karin maganarmu mai cewa rama cuta ga macuci ibada ce. Uban da aka riƙe ’yarsa wata ashirin da wani abu a daji, in Kirista ne, addininsa yana neman ya ajiye ramuwa, ya kuma yi wa wanda ya cuce shi addu’a. Duk wanda ya ce wannan abu ne mai sauƙi, bai taɓa sayar da gonarsa don fansar ɗiyarsa ba.

Me ya sa nake ganin darajarta duk da haka? Domin a ƙasarmu ramuwa ba ta cika samun mai laifi ba. Mai laifin yana cikin daji da bindigar da ta fi ta ɗan sanda. Wanda hannu ke kaiwa gare shi shi ne Bafulatanin da ya kawo saniya kasuwa, ko matar da ke tallan nono, waɗanda sau da yawa su ma an sace musu shanu an kashe musu dangi. Mun ga yadda wannan ya faru a Zamfara tsakanin ’yan sa-kai da rugage, har aka kai inda kowane ɓangare yake da gawar da zai nuna a matsayin hujja. Koyarwar da za ta riƙe hannun mai fushi kafin ya sauke shi a kan marar laifi ta yi wa ƙasar Yauri aikin da bataliyar soja ba za ta yi ba. Muna da shaida a Kaduna. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da ’yan’uwansa a rikicin nan ɗaya. Daga 1995 suka fara aiki tare, har suka taimaka aka ƙulla zaman lafiya a Yelwa a 2005 (ta Shendam nake nufi, a Jihar Filato, kada mutanen Yelwan Yauri su ce na ɗora musu rikicin da ba nasu ba). Da ɗayansu ya tsaya sai an biya shi abin da ya rasa, da har yau ana jira.

To ina cutarwar take? Ta farko daga cikin gida take fitowa, lokacin da aka mayar da gafara umarnin gaggawa a kan wanda jininsa bai tsaya ba. A ce wa uwa ta yafe, in ta yi jinkiri a fara duban ta kamar bangaskiyarta ce ta yi rauni. A nan sai laifi ya tashi daga kan wanda ya sace ya koma kan wadda aka sace wa. Abin da ake nema daga gare ta a gaskiya shi ne ta yi shiru, sai aka sa wa shirun rigar addini. Mutanen bakin Kainji kuwa sun daɗe da sanin wannan riga. Da aka kammala madatsar ruwa a 1968, mutane wajen 44,000 aka tasa daga tsibirai da garuruwansu, Gungawa suka bar gungunan kakanninsu a ƙarƙashin ruwa, aka ce su yi haƙuri don ci gaban ƙasa. Mako uku kafin harin Birnin Yauri jirgin ruwa ya nitse kusa da Wara da mutane masu yawan gaske, aka zo ta’aziyya aka ce a yi haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ban musa ba, amma maganin da kullum talaka kaɗai ake ɗura wa ya cancanci a binciki mai rubuta shi. Labarin Yusufu, wanda Littafin Farawa da Alƙur’ani duka suka kawo, yana da darasi a nan: bai bayyana kansa ga ’yan’uwansa ranar da ya fara ganin su ba. Ya jinkirta, ya gwada su, ya ga yadda za su yi da ƙaraminsu, sannan ya yafe.

Cutarwa ta biyu ta fi girma, daga hukuma take zuwa. A 2016 gwamnatin Zamfara ta yi sulhu da Buharin Daji, bai daɗe ba ya koma ruwa, har Dogo Giɗen nan ya kashe shi a 2018. Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada a Katsina a 2016, ya sake a 2019, daga baya ya fito da bakinsa ya ce an ci amanarsa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, ya miƙa bindigogi a Gusau a Fabrairu 2021, ya yi rantsuwa, aka kira shi tubabbe. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, can ya mutu. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki. A duk waɗannan zaman, wa ya tambayi matar da aka kashe wa miji? Hukuma tana da ikon afuwa, wato ta janye tuhumar da ke hannunta. Ba ta da ikon yafiya, domin ba ita aka yi wa fyaɗe ba, ba ita ta sayar da shanun huɗa ba. Idan mai mulki ya ara kalmomin addini ya ce mu duka masu zunubi ne, mu yafi juna, to yana kyauta ne da dukiyar da ba tasa ba.

Kiristanci da kansa bai yarda da wannan ba. Zakka mai karɓar haraji, da alheri ya same shi, rabin dukiyarsa ya ba matalauta, ya kuma yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Wasiƙar Romawa ta hana mai bi ɗaukar fansa a sura ta 12, nan take a sura ta 13 ta ɗora wa mai mulki nauyin hukunta mugu. An karɓe takobin daga hannun wanda aka cuta ne domin akwai wanda aka ba amanar riƙe shi. Dietrich Bonhoeffer, malamin tauhidin Jamus da ’yan Nazi suka rataye a 1945, ya yi wa irin wannan suna tun 1937, ya kira shi alheri mai araha, wato gafarar da ake rabawa ba tare da tuba ba. Paparoma John Paul na Biyu ya yafe wa Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi a 1981, har ya ziyarce shi a kurkuku a 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman gidan yari a Italiya har 2000. Ko a Afirka ta Kudu, inda Desmond Tutu ya jagoranci hukumar gaskiya da sulhu, sai wanda ya fito ya faɗi abin da ya yi dalla-dalla ake duba wa, kuma cikin mutum fiye da 7,000 da suka nema, 849 ne suka samu. Musulmin Yauri ba zai ji wannan baƙo ba, domin fiƙihu ya raba haƙƙin Allah da haƙƙin bayi, ya kuma bar zaɓin ƙisasi ko diyya ko yafewa a hannun magadan wanda aka kashe. A wannan gaɓa majami’a da masallaci bakinsu ɗaya, gwamnati ce ta fita daban.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce sulhu, ko da gurgu ne, yana ba manomi damar noma daminar bana. Za a ce Sheikh Ahmad Gumi da masu ra’ayinsa suna da hujja in sun ce da yawa daga cikin yaran dajin an haife su ne cikin rashin makaranta da rashin adalci. Za a ce iyayen Birnin Yauri ma ai da ciniki suka karɓo ’ya’yansu. Duk na yarda. Ba zan zargi uban da ya biya fansa ba, ba kuma zan zargi dagacin da ya zauna da ɗan bindiga don mutanensa su kwashe amfanin gona ba. Yaron da aka ba bindiga yana ɗan shekara goma sha biyu yana da rabo a jinƙai, kuma ikilisiyar da ta san aikinta ya kamata ta kasance cikin masu fara neman hanyar dawo da shi. Roƙona kawai a kira kowane abu da sunansa. In ciniki ne a ce ciniki, in tsagaita wuta ce a ce tsagaita wuta. Kada a ce “tuba” inda ba a mayar da ko akuya ɗaya ba, ba a nuna kabarin kowa ba. Jama’a sun gaji da gafara sa, ba su ga ƙaho ba.

Akwai kuma inda jinƙan ya fi gaggawa, inda kuma muka fi rowar sa. Yarinyar da ta dawo daga daji da jariri ba ta yi laifin komai ba, jaririn ma haka. Amma mun san halinmu, mun ga abin da ya sami matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram a Arewa maso Gabas, yadda aka riƙa nuna su da baki ana jifan ’ya’yansu da sunan iyayen da ba su zaɓa ba. Al’ummar da ke saurin kiran mai garkuwa “tubabbe” tana ba shi kujera a gaban manya, ita ce kuma ke jinkirin aurar da wadda ya ɓata wa rayuwa, ke hana ’ya’yanta wasa da ɗanta. In fasto ko limami yana neman inda zai gwada wa’azinsa na rahama, ga wuri nan kusa da shi, ba sai ya shiga daji ba.

Mu kuma manazarta Hausa muna da namu bashin. Mun yi rubuce-rubuce masu yawa kan waƙoƙin wa’azi na masu jihadi da kan kalmomin aro daga Larabci, amma Hausar majami’a, wadda miliyoyin mutane ke ibada da ita daga Zuru zuwa Kafanchan zuwa Maraɗi, har yanzu ’yar bora ce a sassanmu. Ina so in ga ɗalibin digiri na biyu ya tafi Yelwa da Wara da Shanga da na’urar ɗaukar magana, ya zauna a majami’u da zaurukan ta’aziyya, ya ƙirga sau nawa ake cewa “yafe”, sau nawa “gafarta”, sau nawa “haƙuri”, wa ke faɗa, wa kuma ake faɗa wa. Ya kuma tambayi tsofaffin Kambari da Gungawa da Shangawa wace kalma suke da ita a harsunansu kafin Hausa ta ba su tata, da abin da mai laifi yake kawowa a hannu ranar da ya zo neman ta.